Kifin Darma

Innata maginiya ce, don haka tun kafin a yi mini aure hannuna ya san yumɓu. Da na tare a gidan maigidana, a wani ƙauye na bakin gulbi kusa da Gummi, sai na tarar shi ma yana taɓa yumɓu, amma da mugun hannu. Masunci ne. Da kansa yake zuba darmar da ake ɗaure wa bakin birgi, wato komar jifa, don ya nutse. Sai ya ƙwaƙule ramuka a dunƙulen laka, ya narka darmar tsohon batirin mota a wani kwanon ƙarfe, ya tsiyaya. Zubi biyu ko uku mazubin ya tsage. Akwai tabo a bayan hannunsa, na ranar da ya zuba a laka mai sauran danshi darmar ta yi tsartuwa.

Na kwana biyu ina kallo, ran nan na ce, "Malam, bar mini wanga aiki."

Ya ce, "Ke da ba ki taɓa shiga ruwa ba?"

Na ce, "Ruwan naka ne, lakar tawa ce."

Daga ranar aikin ya rabu biyu. Ni ke gina mazubi, shi ke zubi. Bayan la'asar muke yi, a gindin darbejiyar tsakar gida, yana fifita gawayi yana ba ni labarin gulbi: inda tarwaɗa ke kwanciya, inda ruwa ya ci gaɓa bana. A waje ba mai yawan magana ba ne. A bakin murhun nan kaɗai nake jin bakinsa ya sake.

Wata shekara bayan sallar layya ƙanensa, wanda ke gyaran babura a Anka, ya zo da ragowar wani jan gam da suke shafa wa inji. Ya ce sunansa silikon, kuma zafi ba ya cin shi. Na matsa kaɗan a yatsa, wani wari mai tsami ya buge ni. Mazubin farko da na yi da shi ya kwana uku bai bushe ba. Na biyu na cuɗa shi da garin rogo kamar ina kwaɓin ɗanwake, ya kama, amma ya manne wa samfurin yumɓun da na lulluɓe da shi har sai da na yage shi. Na uku na shafa wa samfurin man shanun da wata Bafillatana ke kawo mini. Da safe na ɓare, ya fita sumul, har zanen ɗan yatsana ya fito a ciki.

Ganin haka na yi karambani. Na gina ɗan kifi da yumɓu, tsawon ƙaramin yatsa, na yi masa ƙaya da bakin tsinke, na ɗauki mazubinsa gida biyu, na bar gurbin ƙugiya. Maigida ya juya shi a tafin hannu yana murmushi.

Ya ce, "Kihin gulbinmu tana ya sani. Mi zai yi da darma?"

Duk da haka ya zuba, ya tafi da shi. Mako guda ɗan kifin bai kama komai ba. Sai na ɗauko kifin daga aljihun rigarsa na goge shi da toka da yashi har ya yi walƙiya, na mayar. Kwana biyu bayan nan ya shigo da hantsi da giwan ruwa a kafaɗa, wutsiyarta na dukan cinyarsa. Ya aje ta a gabana, ya tsuguna ya ciro ɗan kifina daga bakinta. Daga baya masunta suka riƙa sallama suna tambaya, ina jin shi ta bayan danga yana cewa, "Ba aikina ba ne, na cikin gida ne."

Mun yi shekaru a haka. Mazubi ɗaya kan yi zubi da yawa kafin ya ƙone ya yi baƙi, sai mu aika Anka a sayo wani gam.

Abin ya tsaya ne lokacin da labari ya zo cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka ce gubar darma ce daga dutsen zinari. Na tuna yadda ɗiyana ke wasan 'yar carafke da duwatsun darmar birgi, har suna sa wa a baki. Na ce masa mu bar zubin darma. Maigida bai yi gardama ba. Ya kankare ƙasar gindin bishiyar, ya haɗa da kwanon da mazuban duka, ya binne can bayan gari. Ɗiyanmu Allah ya tsare su. Na koma gasa masa duwatsun yumɓu, ya ce birgin ba ya sauka da sauri kamar da, amma yana sauka.

Na san abin da muka yi daidai ne. Sai dai tun daga nan la'asar ta zama tashi daban, tawa daban, shi a majalisa, ni a madafa. Ya rasu bayan 'yan shekaru, yanzu ina zaune wurin babban ɗana a Gusau. Bara da muka je ta'aziyya gida, na roƙi direba ya rage gudu a kan gada. Ruwa ya ja baya sosai, wasu mutum biyu na jifan birgi a can nesa, ban gane ko ɗaya ba.