Kyanwar Malam da Mai Kifi

Ni ban taɓa son kyanwa ba, gara in faɗa tun da fari. Wanzami ne ni, kuma wanzami ba ya ƙaunar abin da zai daka tsalle ya faɗo masa a cinya alhali askarsa na kan maƙogwaron mutum. Amma shekara uku na yi a Bahiya ta ƙasar Brazil ina yi wa wata tsohuwar kyanwa bauta, ni da na sha baƙar wuya kafin na fanshi kaina daga hannun Bature.

Ta wani tsohon malami ce, mutumin ƙasarmu, mai ɗinkin huluna. Ɗakinsa na jikin nawa a gangaren gari, kusa da bakin ruwan Água de Meninos. Bayan boren da 'yan'uwanmu Musulmi suka yi a watan azumi aka murƙushe su, sojoji suka shiga bin ɗakuna, duk wanda aka samu da allo ko guntun rubutu sai a tasa ƙeyarsa. Ranar da suka fito da malam ina tsaye bakin ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Wanzam, ga amanar kyanwa." Suka garƙame ɗakin suka tafi da shi, ban ƙara ganinsa ba.

Kwana huɗu ina jin kukanta ta bango, tsoro ya hana ni motsi. Har yau ina jin kunyar kwanakin nan. A na biyar na ɓalle katakon taga na shiga. Na same ta kwance a kan buzun malam, wanda sojoji suka shure gefe suna zaton fatar banza ce. Na naɗe ta a cikinsa na fito da su duka.

Ko a lokacin ta tsufa tukuf. Haƙora biyu suka rage mata, ido ɗaya ya yi fari, ga girman kai kamar uwar sarki. Ba ta taɓa gode mini ba. Ba ta kwana ko'ina sai kan buzun nan, in zan yi salla a ɓoye sai na lallashe ta ta matsa. Abin da ya sa na fara ganin girmanta shi ne asuba. Kullum alfijir na ketowa za ta je bakin ƙofa ta yi kuka. In tashi in buɗe mata, in yi alwala. A garin da ba ladan, ba mai iya ɗaga murya, sai ga shi na samu mai tashe ni. Na riƙa faɗa wa 'yan'uwa a asirce cewa kyanwar malam ta fi rabinsu kiyaye lokaci.

Da zaman garin ya gagara ga irinmu, na samu wuri a jirgin da zai haye da 'yantattu zuwa gaɓar ƙasashenmu. Mai jirgin ya ce ba ya ɗaukar kyanwar da ba ta kamun ɓera. Ni ma na san ba za ta kai ba. Saura mako biyu, ga amana a hannuna, kuma na rantse ba zan bar ta sai a gidan salla. Kyanwar da ta tashi kan buzun malami, ta ƙare a ina?

Na fara da wani abokina, Bahaushe mai ɗaukar Turawa a kujerar kafaɗa. Ya karɓa da fara'a. Kwana biyu ya dawo mini da ita cikin kwando.

"Wanzam, so kake a kama ni? Da asuba ta hau kuka har maƙwabcina ya leƙo ya gan ni da buta. Kai, karɓi ladaninka."

Daga nan na saɓa kwando na nufi ƙauyen Itapuã, wurin wani dattijo masunci, tafiyar da ta cinye mini yini. Hanya duka tana zagina da yarensu. Dattijon ya yi murna, ya ce dama ɓeraye sun addabe shi a rumfar taru. Ya buɗe kwandon, ya duba bakinta, ya duba idon, sannan ya dube ni.

"Ɗana, wannan ai ɓera ne zai kama ta."

Ya ba mu busasshen kifi, muka kwana, muka juyo. Na iso gida ƙafa a kumbure, ita kuwa ta fito daga kwando ta yi miƙa kamar ita ta ɗauko ni.

Saura kwana uku na rasa inda zan sa kaina. Da ta yi kukanta na asuba na buɗe ƙofa, sai na tsaya ina kallonta, don na san kallon ya kusa ƙarewa. Shekara uku ban taɓa tambayar kaina inda take zuwa ba. Na ga ta bi jikin bango tana ɗingishi, ta sha kwana, ta shige bayan gidan mai kifi. Na bi ta.

Mai kifin nan Bayarabiya ce, irin waɗanda ake kira Nago a can, kuma tun da na tare a unguwar ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Hayaƙin manjanta ya gama da rigunana, ruwan kifinta kullum sai ya biyo ta ƙofata. Ba ta salla, tana da 'yan tukwanen tsafinta da kuɗin wuri a lungun ɗaki. Ni in ce mata Iya a daƙile, ita ta ce mini Gambari, sunan da suke kiran Bahaushe, mu wuce.

Na same ta zaune kan turmi, masunta sun kawo kifin farko. Ga kyanwar malam a gabanta. Iya ta ɗauki dafaffen kifi tana zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta murje tsokar da yatsa har ta yi laushi, sannan ta miƙa mata a tafin hannu. Ashe ladanina ba alfijir take duba ba, isowar kifi take ji.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun tana wurin mai huluna. Kai da me kake zaton take rayuwa, Gambari? Da ƙanzon da kake zuba mata? Haƙori biyu gare ta."

Kunya ta rufe ni. Na ce ai tafiya zan yi.

"Duk unguwa ta sani. Na ga kana yawo da ita a kwando kamar mai tallan kaza. Ka wuce ƙofata sau uku."

Na tsuguna, abin da ban taɓa yi a gabanta ba. Na ce, "Iya, amana ce. Ki riƙe mini."

"Ba don kai ba," in ji ta. "Amma ka kawo fatar nan. Ba ta barci sai a kanta."

Buzun nan kaɗai ya rage na malam, kuma na ƙudura zan kai shi gida in yi salla a kansa a ƙasarmu. Na dubi lungun tukwanenta, ta ga inda na duba.

"Bakin murhu zan shimfiɗa ta, ba can ba. Na san mai ita. In soja ya tambaya, gadon kyanwa ne, kuma ban yi ƙarya ba."

Na je na ɗauko. Ina miƙa mata ta ce in koya mata yadda mai huluna ke kiranta, don ita da kifi kawai take iya jawo ta. Na ce cewa yake, taho tsohuwa. Ta maimaita har sau uku, harshenta na tuntuɓe, na yi dariya, ta ɗaga mini ludayi.

Ranar tafiya na biyo ta ƙofarta da ƙunshina a kai. Kyanwar na kwance kan buzu bakin murhu. Na yi mata sallama da Hausa mai kyau, ko kunne ba ta motsa ba. Na kama gangare zuwa bakin ruwa raina a ɓace, ina cewa dama can ba ta da kirki. Sai na ji muryar Iya a bayana, da karkatacciyar Hausarta, tana cewa, "Taho, sohuwa." Na waiga. Kyanwar ta tashi tana ɗingishi ta nufe ta.

Ban sake waigawa ba, don hawaye sun riga sun zubo, kuma ba na so mai kifi ta gani.