Ban Kai ga Dokin Ba

A gidanmu a Farin Dutse ba a tsallake karatu. Mahaifina malamin allo ne, ƙa'idarsa kuma ɗaya ce: sai ka haddace na yau za ka wanke allo a rubuta maka na gobe. Da wannan tarbiyya na tafi sakandare a Birnin Kudu. Mahaifin nawa ya bar ni ne bisa sharaɗi: jarrabawar fita sau ɗaya zan zauna. In na ci, in wuce kwalejin horon malamai. In na faɗi, in dawo gona. Ni kuwa Turanci nake son koyarwa, kwalejin kuma ba ta ɗaukar wanda ya faɗi adabin Turanci.

Littafin da aka sa mana labarin wani manomi ne a ƙasar sanyi. Na ɗauke shi yadda na saba. Na fara da babin farko, na bi shi har ya zauna, sannan na biyu. Abokin zamana, wani ɗan garin Kiyako, yakan ce, "Ɗan malam, littafin Bature ma tilawa kake masa? Ranar saukarka ka kira mu cin waina."

Malamin adabi ya sha dawo min da takardata da jan biro. Ya ce, "Yaro, ba labarin aka ce ka ba ni ba, na san shi. Abin da aka tambaye ka, shi za ka amsa."

Na ce, "Malam, yaya za a gane ƙarshe ba a ji farko ba?"

Ya girgiza kai ya wuce.

Ranar jarrabawa babbar tambayar ita ce me ya sa manomin ya sayar da dokinsa. Na san amsar sarai, a babin ƙarshe take. Amma dokin bai kai kasuwa ba sai da ruwa ya ci gonar, ruwan bai zo ba sai da uban manomin ya rasu. Saboda haka na fara daga rasuwar. Na rubuta jana'iza, na rubuta rabon gado, rubutu mai tsabta, ba gogewa. Ina tsakiyar ambaliya mai sa ido ya ce a ajiye biro. Kalmar doki ko sau ɗaya ba ta fito a takardata ba.

Ɗan Kiyakon, wanda rabin littafin kawai ya karanta, ya ci.

Da sakamako ya fito na kai wa Baba. Ya tambaye ni, "Ka karanta littafin duka?" Na ce duka. Ya ce, "To, ka yi naka. Gobe akwai noman gero."

Har yau ina gonar. Littafin ya daɗe da yagewa, amma yana nan a kaina babi bayan babi. Wani lokaci ina kan kunya sai in ji ina bin sa daga farko, har in kai ga dokin. Ba wanda zai sake tambayata.