Durƙuson Ruka a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya san Ruka a Kontagora ya san ta da abu biyu: 'yar Malam Yahya wanzami ce, kuma ba ta da saurin cewa to. A gindin zabirar mahaifinta ta tashi. Tun ba ta iya ɗaurin kallabi ba ta san aikin kowace aska, ta ga ƙaho da tsaga har sun daina ba ta tsoro. Da ta zama nas, 'yan unguwa suka ce ai gadon gida ne ta sa wa fararen kaya. Ita dai ba ta taɓa yarda da wannan magana ba.

Tana shekara ta goma sha ɗaya a ɗakin masu na'urar numfashi aka kawo Dogo, wani manomi daga Zugurma. Ciwon huhu ne ya kayar da shi, aka zura masa bututu ta baki. Likita ya sa a riƙa kwantar da shi rub da ciki don huhun ya buɗe. Huhun ya samu sauƙi, harshe ya sha wuya. A kwana na huɗu ya kumbura suntum, ya fito tsakanin haƙora, gefensa duk sawun cizo.

Ruka ta san abin yi. Da izinin likita suka juyo da shi, ta ɗaga kan gadon, ta sassauta igiyar bututun ta matsar da shi gefen baki. Ta sa robar da ke hana haƙora datsewa, ta shafa wa harshen basilin, ta naɗe shi da bandeji mai danshi don kada ya bushe ya tsage. Duk bayan awa biyu sai ta kwance ta duba ta sake. Aiki ne na haƙuri, kuma ba ya burge kowa.

Bai kuwa burge Tanimu, yayan Dogo, ba. Ya leƙa ta taga ya ga harshen ƙanensa a waje, nan take ya yanke hukunci: mugun jini ne ya taru, maganinsa tsaga. Ya shiga gari yana cigiyar wanzamin da ya fi kowa hannu. To wa za a nuna masa in ba Malam Yahya ba?

Da hantsi sai ga su. Mai gadi har rusunawa ya yi ya ba su hanya, don tsohon ne ya yi wa 'ya'yansa kaciya. Ruka ta hango zabirar mahaifinta, ta gane abin da ya kawo su. Dogo yana kan allurar tsinka jini. In aska ta taɓa harshen nan jinin ba zai tsaya ba, kuma a bakin mai neman numfashi zai taru.

Ba ta kira kowa ba. Ta je ta durƙusa a tsakiyar ƙofar ɗakin, gwiwa biyu, kamar yadda take gaishe shi kowace safiya.

"Baba, barka da hantsi."

"Yauwa, Rukayya. Tashi in wuce, tsaga biyu ce kawai a ƙarƙashin harshe."

"Ba zan tashi ba, Baba."

Tsohon ya yi turus. "Shekara arba'in ina riƙe da aska, ke za ki koya mini?"

"Ni wace ce da zan koya maka? Amma jinin mutumin nan ba ya daskarewa. In ka tsaga shi, a hannunka zai cika. In dole ne sai ka shiga, sai dai ka tsallake ni."

Tanimu ya harzuƙa. "Ke yarinya, ɗan'uwana ne ko naki?"

"Naka ne, Malam Tanimu, amma a hannuna aka sa shi."

Malam Yahya bai taɓa tsallake ɗan mutum ba, balle 'yar cikinsa a durƙushe. Ya gyara ratayar zabirarsa ya juya, mutane na kallo. Sati uku bai amsa gaisuwarta ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ta yi kuka ba sau ɗaya ba, amma ba ta ce ta yi kuskure ba, don ba ta yi ba.

A kwana na tara harshen ya koma cikin baki. Bayan sati aka zare bututun. Kalmar farko da Dogo ya furta da dasasshiyar murya ita ce ruwa.

Da likita ya tsayar da allurar tsinka jinin, Ruka ta sami mahaifinta a zaure. "Baba, gemun Dogo ya yi buzu-buzu, ana neman wanzami."

Washegari sai ga shi ya zo. Ya yi wa Dogo aski tsaf, sannan ya ce masa, "Buɗe bakinka." Ya daɗe yana kallon harshen nan, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da ya ɗago sai ya ga Ruka tsaye daf da kafaɗarsa, idonta a kan askar.

"Har yanzu tsare ni kike yi?"

"Har ka rufe zabirar, Baba."