Shanun da Ba Su da Tozo

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba zan manta ranar da hoton waya ya kusa sa ƙanena ya ƙona rugar maƙwabcinsa ba.

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, a cikinsu na yi furfura. Waya kuwa ban iya ta ba, ban da kira da sauraron saƙo. Ran nan da rani, ina tsakiyar ciniki, sai ga ƙanena a kan babur, idonsa jajir. Gobarar daji ta tashi a wajen Danchuwa, ta cinye masa harawa da karan dawar da ya tara wa dabbobinsa.

"Yaya, duba nan!" Ya miƙo mini waya da hoto a kai. "Bafulatanin nan na bayan gonata ne. Matasa na jirana, yau sai mun tashi rugarsa."

Hoton ya zagaya gari kaf. Wani makiyayi ne ya ba da baya, riƙe da itace mai ci da wuta, ga harshen wuta ya tashi sama, ga garke a gefensa. A ƙasa an rubuta wai a tura wa kowa. Gaskiya ni ma da farko na ɗauka Bafulatanin ne, kuma na san shi, na sha sayar masa da bijimai.

Amma ni idona ba ya fara sauka a kan mutum, a kan saniya yake sauka. Na sa aka buɗo mini hoton, sai dariya ta kama ni.

"Kai, waɗannan shanun na wace ƙasa ne? Ina tozonsu?"

Bayansu a shafe yake kamar tabarma. Ɗaya ma ƙafarta biyar, na ƙirga sau biyu. Sannan wuta na ci dab da hancinsu, su kuwa sun duƙufa suna kiwo hankali kwance. Saniyar da ko hayaƙi ta shaƙa sai ta tsinke igiya!

"Wanda ya yi wannan bai taɓa shiga garke ba," na ce masa. Wani malamin makaranta da ya zo sayen rago ya leƙa, ya ce ai na'ura ce ke ƙirƙiro irinsu yanzu, ka faɗa mata abin da kake so ta zana maka.

Ƙanena dai bai sauko ba, don haka na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Na tsaya gaban matasan nan da gorunansu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu ƙafa ta biyar. Muna cikin haka sai ga mutumin da za su je wa ya fito daga hayaƙi, da ɗanyen reshe a hannu, tafinsa duk ya sale. Ashe tun hantsi yake kashe wutar, wadda masu farautar gafiya suka kunna suka gudu.

"Sannu da asara, maƙwabci," ya ce wa ƙanena. "Na tsare maka rumbu ɗaya."

Ƙanena ya kasa ɗaga ido, ni ma kunya ta rufe ni a madadinsa.

Tun daga ranar, duk hoton da aka turo mini ana cewa in yi maza in yaɗa, sai na duba shi kamar yadda nake duba saniya kafin in taya: haƙori, ƙafa, tozo. Da na yi gaggawa ran nan, da hannun da ya ceci rumbunmu muka fara karyawa.