Fanken Farko

Ranar Talata, sha takwas ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa kakata Réjeanne Veilleux rasuwa a gonarmu ta mapul, bishiyar da ake tatsar ruwanta a dafa ya zama zuma, da ke yankin Beauce, tana da shekara saba'in da tara. Ina aji Mama ta zo ta ɗauke ni. Sai da muka shiga mota ta ce, "Coralie, Mémère ta tafi." An ce ba ta sha wahala ba. Ta shigo daga waje, ta zauna za ta cire takalmi, shi ke nan.

Mémère, kin san ban iya magana a gaban mutane ba. A coci aka nemi ɗaya daga cikin jikoki ya ce wani abu, na sunkuyar da kai har aka wuce ni. Shi ya sa nake rubuta miki.

Tun ban yi wayo ba, duk Lahadin da ruwan bishiya ke zuba muna hanyar gona tun da sassafe, don karin kumallo. Kafin mota ta tsaya za ka hango tururi yana fita ta rufin ɗakin dafa zuma. Dangi da maƙwabta sun cika dogayen tebura, ga wake, ga ƙwai, ke kuma kina gaban kasko kina juya fanke kina yi wa kowa tsiya. Ni dai sai in sulale bayan tarin itace da littafina. Ba ki taɓa tona ni ba. Sai dai in ga faranti ya sauko ta saman itacen, zuma har tana ɗiga, ki ce, "To, sarauniyar ɓuya, jarumin littafin naki ya faɗa mata yana sonta, ko har yanzu yana tsaye bakin taga yana huci?"

In an zo zuba zuma mai zafi a kan dusar ƙanƙara, yara kan yi ta ture juna da tsinkayensu na naɗe ta in ta daskare. Ke kuwa ba na gaba kike fara miƙa wa ba. Idonki na kan wanda ya kasa kutsawa. Na daɗe ina zaton sa'a ce nake yi.

Bara na yi ƙarfin hali na tambaye ki yadda kuka haɗu da Pépère Léandre, kakana. Na zauna ina jiran labari irin na littafi. Kika ce ranar da kika fara taya mahaifiyarsa aiki kika ƙona fanken farko ƙurmus, kin ɗauka za ki jefa wa kare, sai ya miƙo faranti ya ce, "Karen ya ƙoshi, ni ne ban karya ba." Tun daga ranar, duk shekara, ƙonannen fanken farko nasa ne, kuma sai ya cinye shi yake zuwa ya kunna wutar dafa zuma.

Na ce, "Shi ke nan? Ba fure, ba komai?"

Kika yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan dogon naki na bangon littafi, mai rigar da ba ta da maɓalli, zai ci gawayi shekara hamsin saboda ke?" Sai kika matso kusa da kunnena. "Kuma kada ki gaya wa tsohon nan, na iya fanke tun kafin a haifi uwarki. Da gangan nake ƙonawa."

Kin tafi ana tsakiyar aiki, Mémère. Dare na daskarewa, rana na narkewa, bokitan da ke jikin bishiyoyi na cika, ba ruwansu da makoki. Pépère bai taɓa barin kowa ya kunna wutar nan ba, kuma tun ranar Talata ya ƙi ko kallon ɗakin. Ruwan da aka tara ya yi tsami, Kawu Gaétan ya zubar. Da ya yi masa magana, sai Pépère ya ce, "A kwashe bokitan. Na gama." Kawu bai kwashe su ba, amma na ji shi yana gaya wa Mama cewa in ba a kunna wutar bana ba, ba za a ƙara kunna ta ba har abada.

Ranar Lahadi mutane suka zo, don ba wanda ya iya ce musu kada su zo. Suka zazzauna shiru da rigunan sanyinsu. Mama ta dama ƙullu, ta tsaya gaban kaskonki, ta kasa. Ban san abin da ya tashe ni ba. Na karɓi ludayin, na zuba, na tsaya ina kallo har gefen ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi.

Kawu ya ce, "Ke, mai littafi! Mafarki kike yi? Yana ƙonewa!"

Ban juya shi ba sai da ya ƙone sosai. Na ɗora a faranti, na ratsa tsakiyar mutanen nan duka, na ajiye a gaban Pépère. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya gutsura, ya tauna a hankali.

Ya ce, "Ta gaya miki da gangan take yi, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Tana zaton ban sani ba." Ya share ido da bayan hannu. "Naki bai ƙone yadda ya kamata ba, 'yar nan. Kakarki ta fi ki iya ɓarna."

Ya cinye tas. Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya ce, "Gaétan, tsayuwar me kake yi kamar turke? Kawo itace." Kafin azahar tururi ya fito ta rufin. Wata maƙwabciya ta fashe da kuka, wani ya nemi ƙarin wake, sai hayaniya ta dawo yadda kika san ta. Da aka zuba zuma a kan ƙanƙara, ni na riƙe tukunyar, na nemo wani ɗan yaro can baya.

Ina kewarki, amma zuciyata a kwance take. Kin rayu inda kike so, tare da wanda kike so, kin tafi da ƙanshin zuma a rigarki.

Allah ya ji ƙanki, Mémère, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa mai daɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Pépère Léandre, da Mama, da Kawu Gaétan, da duk wanda ya taɓa zama a teburinki. Allah ya ba mu haƙuri, ya ƙara wa Pépère lafiya da tsawon rai. Pépère ya ce baɗi in zo da wuri, kuma in ƙara wuta.