Rakiyar Inna Zuwa Ɗakin Iska a Alƙahira

Mandawari, Kano

Ana idar da sallar Asuba muka fito, ni da mahaifiyata, Inna. Mota ba ta shiga lungunmu, sai Adaidaita Sahu muka hau zuwa filin jirgi.

Bara aka cire mata ƙari a muƙamuƙi aka sa ƙarfe, amma sabon ƙashi ya ƙi tohowa. Tun daga nan kunu kawai take sha. Likita ya ce saura dabara ɗaya: a riƙa saka ta a ɗakin da ake matse iskar oksijin, jini ya kai wa ƙashin ƙarfi. In hakan bai yi ba, ita da tauna sun rabu.

Alƙahira

Bayan La'asar muka sauka. Direban tasi yana jin daga inda muke ya ce, "Kano? Sannu, sannu!" Iyakar Hausarsa ke nan, da ita ya kai mu masauki.

Washegari Inna, jikar Barebari, ta turara kayanta, ta shafa humra, muka nufi asibiti. Nas ta matso, ta shaƙa, ta tare ƙofa. Wani tafinta da ke wurin ya ce turare ko mai na iya tayar da wuta a cikin ɗakin iskar.

"Falmata, gaya mata tun da nake ban taɓa shiga mutane ba ƙamshi ba."

"Inna, ba mutane za ki shiga ba, tanki ne."

Ranar dai muka rasa layi, raina ya ɓaci sosai. Wanka uku ta yi da sabulu, tana mita, kafin su yarda da ita cikin rigar audugarsu.

Ɗakin kuwa kamar tankin ruwa yake, da 'yar taga. Kullum da hantsi ta shiga, ta fito tana cewa kunnenta ya toshe. Haka muka kwashe makonni, har likita ya nuna mana wani fari-fari a hoton muƙamuƙinta, daidai giɓin. Ya ce sabon ƙashi ne, yanzu sai ta fara gwada cin abu mai laushi.

Gida

Mun iso lafiya, godiya ga Allah da maƙwabtan da suka yi ta addu'a. Da Magariba na ajiye mata tuwon shinkafa da miyar taushe. Muka zuba mata ido. Ta kai loma, ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Wa ya yi miyar nan? Gishiri bai ji ba."

Ni na yi ta. Na tashi ɗauko gishirin ina kuka.