Kiɗan Molon da Na Tashi Na Bari

Akwai wata la'asar a Gwaram wadda ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin za ta fita daga raina. Yawancin waɗanda suka san zancen sun riga mu gidan gaskiya, amma ni har yau kamar jiya nake ganinta.

A lokacin ni marini ne a Birnin Kudu. Ina da rijiyoyin baba, wato shunin rini, guda uku a karofin unguwarmu, ga iyali, ga mahaifiyata a ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "wannan" take ce mini. Shekarar da mahaifinmu ya rasu ta gama takaba lafiya, amma daga nan sai abinci ya fita daga ranta. A kai mata tuwo, a dawo a tarar da shi yadda aka ajiye. An yi rubutun sha, an jiƙa saiwoyi, ba abin da ya sauya. Abu ɗaya ta riƙe, shi ne kaɗin auduga. Tana murza mazari tana rera wani ɗan sauti a maƙoshi, ba kalma ko ɗaya a ciki, in ta kai wani wuri sai ta tsaya, ta koma farko.

Rannan na tsuguna na tambaye ta ko mene ne. Ta ce kiɗan molo ne na mahaifinta, can Gwaram inda aka haife ta. Shi ba maroƙi ba ne, manomi ne, amma in an gama girbi yakan zauna a zaure ya kaɗa wa kansa, ita kuma tana yarinya ta raɓe a bayan zana tana ji.

"Farkonsa kawai ya rage mini," in ji ta. "Da zan ji ƙarshensa sau ɗaya, da na huta."

Na shiga cigiya. Wani bafatake mai kawo mana kanwa ya ce akwai wani tsoho a Gwaram wanda ya yi zama da kakan nawa yana saurayi, a wurinsa ma ya koyi molo. Sai dai ƙafafunsa sun mutu, ba ya zuwa ko'ina. A shekarun nan ba a bin hanyar nan mutum ɗaya, saboda maharan da kan gangaro daga duwatsun kudu. Sai da na jira ayari, na ɗora Inna a kan jaki, muka bi su. Muka ya da zango a Kiyako, muka ƙara gaba. Ni kuwa tun daga ƙofar gari hankalina yana kan karofi, don na baro baba ya kusa nuna, kuma na san ba ya jiran kowa.

Mun sami tsohon bayan azahar, a gindin wata tsamiya a ƙofar gidansa, zaune kan buzu. Da Inna ta faɗi sunan mahaifinta, sai ya ƙura mata ido. Sannan ya sa aka ɗauko masa molo a cikin wani tsohon zane. Ta rera masa ɗan abin da ta riƙe. Ya gyaɗa kai.

"Na san shi, Yaya. Amma ba da shi ake farawa ba."

Na ce, "Baba, ai shi muka zo ji, kuma tafiya ce a gabanmu."

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗana, kiɗa iri-iri ne. Garaya ta mafarauta ce, jini take tayarwa. Kalangu na taro ne, ƙafa yake nema. Wanda ke son ransa ya kwanta, ya nemi molo, ko sarewar makiyayi in iska ta kawo ta daga nesa. Molon ma akwai wanda ake fara wa mai gajiyar jiki, akwai na mai kewa. Wannan da take nema shi ne na ƙarshe, sai zuciya ta sauka sannan yake shiga."

Ya fara da wanda ya ce na dawowa daga gona ne. Sautin yana tafiya a hankali, kamar mutum ya ajiye fartanya yana wanke ƙafa. Na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ya bi da wani wanda ya ce a bakin kogi aka haife shi, tsirkiya ɗaya tana tafe, biyu suna amsa mata can ƙasa-ƙasa. Matan gidan suka daina daka. Wani mai wucewa da itace ya sauke kayansa ya jingina da tsamiya. Gaskiya ban taɓa jin abu mai daɗin wannan ba, amma da kunne ɗaya na ji shi. Ɗayan yana kasuwa, inda madugun ayarinmu yake, ina son in san yaushe za a juya.

Da ya tsaya yana gyara tsirkiya, sai na ce a raina bari in yi sauri in dawo. Na miƙe. Inna ta ɗan juyo ta ce, "Wannan, zauna mana." Na ce yanzu zan dawo.

Madugu ya ce da sassafe za a kama hanya. Maganar da ba ta wuce a yi ta a tsaye ba, sai ga wani ya tare ni da tambayar rini, wani da gaisuwa. Ko da na dawo, inuwar tsamiya ta miƙe, molo yana kwance a cinyar tsohon. Hawaye na bin fuskar Inna, amma fuskar a sake take, rabona da ganinta haka tun mahaifina na da rai. Matar gidan ta miƙo mata ƙwaryar fura, ta karɓa ta sha sosai, har ta nemi ƙari.

Na ce, "Baba, a taimaka a maimaita mini."

Ya nuna mini yatsunsa. "Yau kam sun gama. Ka kwana biyu, in sun huta ka ji."

Na tuna baba a rijiya, na tuna hanya. Na ce in Allah ya kai mu kaka zan dawo. Ya ce, "Allah ya kai mu." Damina ba ta raba ba bafataken nan ya kawo mini labarin rasuwarsa.

Inna ta ƙara shekara biyu a duniya, tana ci, tana sha, tana wasa da jikoki. Amma ba ta sake rera sautin nan ba. Na roƙe ta ta rera mini ƙarshen, ta ce muryarta ba za ta iya ɗaukarsa ba, abin na tsirkiya ne. Ta ce da ya kai wurin, sai ta ji ƙanshin sabon gero a zauren gidansu.

Tun daga nan duk mai molon da ya sauka garinmu sai na je na zauna gabansa. In rera masa farkon, ya gwada, ya girgiza kai. Wasu sun yi mini masu daɗi, ina kuma gaya wa duk wanda ransa ya ƙuntata ya nemi irinsu, ya fara da mai sauƙi, kada ya yi gaggawa. Amma wancan ya tafi da masu shi.

Abin da na koya shi ne, in Allah ya zaunar da kai gaban abu mai kyau, ka zauna da jikinka da zuciyarka har ya ƙare. Aiki yana nan kullum, in ya ɓaci a sake wani. Amma akwai abin da sau ɗaya ake ba mutum, kuma ba a gaya masa cewa sau ɗayan ke nan.